Maki a Hannun Mushe: Abin da Lamba Ɗaya ke Haddasawa Tsakanin Malami da Ɗalibi a Damagaram

Goma bisa ashirin. A kan wannan lamba rayuwar ɗan lakwal, wato ɗan makarantar boko, take rataye a Damagaram (Zinder), tun ranar da ya shiga siziyam, ajin farko na sakandare, har ranar da za a kira sunayen waɗanda suka ci Bak, jarrabawar kammala sakandare. Wanda ya kai goma ya wuce aji na gaba. Wanda ya gaza kaɗan ya maimaita. Wanda ya yi ƙasa ƙwarai, ko ya riga ya cinye damarsa ta maimaici, a sallame shi ya koma gida. Iyaye sun san wannan ko da ba su taɓa zama kan benci ba, shi ya sa ranar da aka raba bilten, takardar sakamako, tambaya biyu ce ke jiran yaro tun daga zaure: "Ka samu mwayen?", wato ka kai goma, sai kuma "Na nawa ka zo?" Da wuya ka ji an tambaye shi abin da ya iya yanzu wanda bai iya ba a farkon shekara.

A ganina, mafi yawan tsamin da ke tsakanin malamai da ɗalibai a makarantunmu daga nan ya samo asali. An ɗora wa maki kayan da ba nasa ba. Aikinsa shi ne ya gaya wa yaro inda ya kai da abin da ya rage masa. Yau kuwa da shi ake horo, da shi ake rage cunkoson aji, a wasu hannuwan ma ya zama haja. Yaron da ya fahimci haka, kuma yara suna fahimta da wuri, ba zai ƙara kallon malaminsa a matsayin mai koya masa ba. Zai kalle shi a matsayin mutumin da ake lallaɓawa ko ake kaucewa.

Sai an san yadda ake haɗa lissafin kafin a gane irin ƙarfin da ke hannun malami. A kwaleji da lise, wato ƙaramar sakandare da babba, shekara zango biyu ce. A kowane zango malami yana yin ƙananan gwaje-gwaje da yara ke kira antero, da manya da ake kira dabuwar, ya haɗa su ya fitar da makin aji. A ƙarshen zango a yi babbar jarrabawa, kompozisiyo. A haɗa makin aji da na kompozisiyo a raba biyu, abin da ya fito a ninka shi da nauyin darasin, domin darussan ba su zo daidai ba: Faransanci da lissafi sun fi motsa jiki nauyi, a ajin ƙarshe na lise kuma nauyin ya danganta da sashen da yaro yake, A ne, C ne ko D. Ke nan rabin makin kowane darasi yana fitowa daga gwajin da malami shi kaɗai ya zaɓi ranarsa, ya tsara tambayoyinsa, ya gyara, ya rubuta sakamako. Ɗaya rabin ma galibi shi ke gyarawa, ga sunan yaro ɓaro-ɓaro a saman takarda.

Mu ɗauki misali. A ce yarinya ƴar katriyam, aji na uku a kwaleji, ta samu 12 da 11 a lissafi, ta samu 11 a kompozisiyo. Makinta na aji 11,5, na zango kuma 11,25. Ta haye. To, a ce wata rana ajin ya cika da surutu, Mushe, wato malamin, ya fusata ya ce kowa ya fiddo takarda, ya rubuta tambayar da bai koyar ba tukuna, ko kuma ya buɗe kundinsa ya zuba wa layin baya sifili gaba ɗaya. Yanzu maki uku gare ta: 12 da 11 da 0. Makin aji ya faɗo zuwa 7,67, na zango ya koma 9,33. Idan nauyin lissafi 3 ne, ta yi asarar kusan maki shida a jimilla saboda minti biyar na fushi. Abin da ta sani na lissafi bai ragu da ƙwayar zarra ba. Amma bilten zai ce ba ta iya ba, taron malamai na ƙarshen shekara zai yanke hukunci a kan abin da bilten ya ce, mahaifinta kuma zai ji cewa ƴarsa ba ta da kai.

Abin da ya fi damuna a nan shi ne, bilten yana da gurbin da aka ware don hali. Akwai makin ɗabi'a, akwai surbeyan mai kula da tarbiyya, akwai kiran iyaye. Mai surutu a rage masa a can. Idan aka hukunta rashin kunya a gurbin lissafi, an yi ƙarya biyu a takarda ɗaya: an ɓoye laifin da yaro ya yi, an kuma ɗora masa wanda bai yi ba.

Akwai kuma yadda ake mayar da takardu. Duk wanda ya yi lakwal a nan ya san wannan safiya. Malami ya shigo da tarin takardu a hammata, aji ya yi tsit. Ya fara kira daga na ƙasa zuwa na sama, ko daga na sama zuwa na ƙasa, yana faɗin makin kowa da ƙarfi. "Biyu da rabi." Yaro ya taso daga benci na ƙarshe, ya ratso tsakanin ƙafafun ƴan'uwansa, wasu na dariya ƙasa-ƙasa, ya karɓa da hannu biyu, ya ninke takardar huɗu tun kafin ya zauna, ya cusa ta cikin kaye, littafinsa na rubutu. Ba zai sake buɗe ta ba. Ko ya buɗe, abin da zai gani jan layi ne da lamba a cikin da'ira. Babu inda aka rubuta masa cewa hanyar da ya bi daidai ce, alama ɗaya ce ya juya a layi na uku. Daga wannan safiya abin da ya koya shi ne kunya, kuma kunya ba ta sa yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Mushe, ban gane ba." Ga kuma wata al'ada da muka gada tare da tsarin Faransa, ta rowar maki, har wasu malaman suna faɗi da bakinsu cewa ashirin ta Allah ce, sha tara ta malami. Ana ɗaukar malamin da rabin ajinsa ya faɗi a matsayin mai tsanani da sanin aiki, wanda yaransa suka ci da yawa kuma a yi masa kallon mai sakaci.

Duk da haka, wanda ya tsaya ga zargin malami bai ga rabin lamarin ba. A dubi aikin da ke gabansa. A ce yana riƙe da aji biyar, kowane aji yara tamanin, abin da ba baƙo ba ne a makarantun gwamnati na cikin gari. Dabuwar ɗaya takarda 400 ke nan. In ya ba kowace takarda minti biyar kacal, ya haura awa 33, ban da shirya darasi, ban da tsayuwa gaban allo da alli. Da dare zai yi wannan aiki, a tsakar gida, in an ɗauke wuta ya haska da fitilar waya. Mutumin da ke cikin wannan hali ba zai rubuta wa kowane yaro bayani ba. Zai nemi amsa ta ƙarshe, in ta dace ya ba da maki, in ba ta dace ba ya ja layi ya wuce. Kuma zai rage yawan gwajin, wanda hakan ke sa kowane maki ɗaya ya ƙara nauyi a kan yaro.

Sannan wane ne wannan malami? Mafi yawan masu riƙe da alli a Nijar ƴan kwantaragi ne. Tun ƙarshen shekarun 1990 ƙasa ta zaɓi ta buɗe azuzuwa da yawa da malamai masu arha, aka samu ƙaruwar yara a makaranta, wannan gaskiya ne, amma aka samu rundunar malamai da ke rayuwa kan pekil, wanda bai kai albashin ma'aikaci ba kuma ya sha yin jinkiri, suna jiran matirkil, lambar zama cikakken ma'aikaci, shekara da shekaru. Wasunsu sun bi ta makarantar horon malamai irin Askiya Muhammad ta nan Zinder, wasu kuwa an miƙa musu alli ba tare da wani horo na kirki ba. Da aka yi wa ƴan kwantaragin firamare jarrabawa a 2017, duk da adawar ƙungiyoyinsu, kusan kashi ɗaya bisa uku ne suka samu mwayen. An yi ta yamaɗiɗi da wannan sakamako, kuma ya rage wa malami kwarjini a idon jama'a, alhali ba shi ya ɗauki kansa aiki ba. Auna ilimin yaro fanni ne da ake koya: yadda za ka tsara tambaya ta dace da abin da ka koyar, yadda za ka raba maki kan matakan amsa tun kafin ka ga sunan kowa. Wanda ba a koya masa ba zai yi yadda aka yi masa lokacin da yake ɗalibi.

Ka haɗa wannan da zubewar daraja. A da, Mushe mutum ne da ake russuna wa a unguwa. Yau ɗalibinsa na ganinsa yana cin bashin shinkafa wurin mai kanti, yana ganin tsohon ɗan ajinsu da ya bar lakwal ya shiga sayar da mai ko kabu-kabu ya fi Mushe kuɗin aljihu. Duka an hana a takarda, kuma daidai ne a hana. Iyaye ba sa zuwa in an kira su. Me ya rage a hannun mutumin da ke tsaye shi kaɗai gaban matasa tamanin da rana tsaka a watan Afrilu? Jan bik, biron da yake ba da maki da shi. Ban ce ya yi daidai ba in ya mayar da shi makami, amma na san abin da ya kai shi.

Ta ɓangaren yaro kuma akwai wani rauni da ya girmi shigarsa kwaleji. Yaron Birni ko Garin Malam ko Kara-Kara ya tashi da Hausa, na wajen Gure wataƙila da Barbarci, wani da Fulatanci ko Tamajek, ranar farko a lakwal sai a fuskance shi da Faransanci. Binciken PASEC na 2014, wanda ya auna yaran ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ya nuna cewa a Nijar ƙasa da yaro ɗaya cikin goma ne ke kai matakin da ake bukata a karatu a ƙarshen firamare. A na 2019 an samu ci gaba, abin ya kai wajen uku cikin goma, amma har yanzu mafi yawa suna fita CM2, ajin ƙarshe na firamare, ba su iya karanta shafi su gane shi ba. Aka kuma yi kusan shekaru goma ba a yin jarrabawar sartifika ta kammala firamare, makin aji ne ke shigar da yaro kwaleji, kafin a dawo da ita a 2024. To, wannan yaro ne ke zuwa siziyam ya tarar da malami daban ga kowane darasi, kowa na dikte, wato shifta, yana wucewa. Idan ya samu 3 a tarihi, tarihin ne bai sani ba, ko tambayar ce bai gane ba? Makin ba ya bambancewa. Malamin tarihi yana auna Faransanci ba tare da ya yi niyya ba, na kimiyya ma haka.

Abin takaici, a garin nan aka fara neman maganin wannan. A Zinder aka buɗe makarantar gwaji ta farko a 1973, inda yaro ke fara karatu da Hausa kafin a shigar masa da Faransanci sannu a hankali. Fiye da shekaru hamsin ke nan, kuma tsarin bai game ƙasa ba. A 2025 kundin mulkin da hukumomi suka fitar ya ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki, amma takardar da ke yanke wa yaro hukunci a birebe, jarrabawar kammala kwaleji, da Bak har yanzu da Faransanci take. Malamai da yawa, don tausayi, sukan juya bayani zuwa Hausa in sun ga idanun yara sun yi fari. Yara suna son irin waɗannan malamai, kuma suna da dalili.

Siziyam ita ce mahaƙar da ta fi cin yara, musamman na ƙauye. Yaron da ya taso daga wani ƙauye na Mirya ko Magarya ko Matamaye, inda babu kwaleji kusa, sai an nema masa mai masauki. A gidan mutane yake, shi ke ɗibar ruwa, kuma kowa ya san abin da ɗibar ruwa ke nufi a Damagaram lokacin bazara. Ya iso aji a makare, da yunwa, a kore shi ko a rage masa maki. In ajinsa na zana ne, sai an gama girbi an samu kara kafin a kafa shi, ruwan farko kuma ya tashe shi, don haka shekararsa ta karatu gajera ce tun asali. A 2024 ma ambaliya ta sa an ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba. Manhaja kuwa ba ta raguwa. Malami na gudu don ya gama ta, yaro na bin sa da ƙafa ɗaya, a ƙarshe lamba ta fito ta ce laifin yaron ne. Kuma makaranta, ko ba ta faɗa ba, tana bukatar wasu su fita, domin benci bai isa ba. Inda siziyam ta yi azuzuwa da yawa, ka duba turwaziyam, ajin ƙarshe na kwaleji, ka ga nawa suka rage.

A nan ne kuɗi ke shigowa. Kur, wato darasin da ake biya bayan an tashi, ba laifi ba ne a kansa. Malami na da haƙƙin ya nemi halalinsa da yamma, uban da ke da hali kuma na da haƙƙin ya ƙara wa ɗansa. Ɓarnar tana farawa ne ranar da mai ba da kur ya zama shi ne mai ba da maki. Ko da malamin mai tsoron Allah ne, yaran da ba su biya ba za su zarge shi, kuma da zarar ɗan kur ya samu 15, aji ya gama yanke hukunci. In kuwa ba mai tsoron Allah ba ne, hanya a buɗe take: a taƙaita bayani da safe, a cika shi da yamma, a yi atisayen da zai fito a dabuwar da waɗanda suka kawo ƴan jikkunansu. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Yaron talaka yana gani, kuma darasin da yake ɗauka ya fi na cikin kaye zama a ransa.

Mafi muni shi ne abin da ke samun ƴan mata, kuma ba na jin ya kamata a ci gaba da rufe shi da kara. Akwai malaman da ke amfani da maki su nemi ɗaliba. Ba su ne mafi yawa ba, amma ɗaya ya isa ya ɓata sunan makaranta guda. Yarinyar da ta ƙi, makinta ya faɗi, ba ta da inda za ta kai ƙara, domin in ta faɗa a gida abin da zai biyo baya shi ne a cire ta daga lakwal. Wadda ta ci da guminta kuma ba ta tsira daga bakin mutane ba, sai a ce ai an san yadda aka yi. A ƙasar da kusan ƴan mata uku cikin huɗu ke aure kafin shekara 18, bilten mara kyau sau da yawa shi ne hujjar ƙarshe da ake jira. Namiji in aka kore shi yana iya komawa makarantar kuɗi ko koyon sana'a, in abin ya ɓaci ya ƙare a fada, majalisar samari, ko a pale, gungun ƴan daba. Mace in aka kore ta, zancen aure ne. Akwai dokar da gwamnati ta sa wa hannu a Disamban 2017 don kare yarinya mai karatu, an kuma buɗe makarantar kwana ta ƴan mata a Kelle cikin Gure don rage matsalar masauki. Amma doka ba ta aiki sai in yarinya ta san mace ɗaya a makaranta da za ta gaya wa magana ba tare da ta bazu ba.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ɗalibai ba tsarkaka ba ne a wannan lamari. Satar amsa ta zama abin da ba a jin kunyarsa, daga ƴar takarda a cikin hijabi ko safa zuwa waya a ƙarƙashin benci. Akwai waɗanda ba sa zuwa aji sai ranar dabuwar, sannan su tare malami a bakin ƙofa da "Mushe, a taimaka." Akwai masu aiko babban yaya ko wani mai faɗa a ji. Akwai ma malaman da ke tsoron ba wani yaro makin da ya cancanta saboda sun san da wa yake yawo da dare, kuma hanyarsu ta gida ɗaya ce. Ƙungiyar ɗalibai ta USN tana da tarihin da ba a mantawa, tun harbin da aka yi wa ɗalibai a gadar Kennedy ta Yamai ranar 9 ga Fabrairun 1990, kuma da yawa daga koke-kokenta gaskiya ne. Sai dai kowane yajin aiki, na ɗalibai ko na malamai, makonni ne da ke fita daga shekara, kuma jarrabawar ƙasa ba ta rage tambaya saboda an yi yaji.

Jarrabawar ƙasa ce ke tona asirin kowa. A birebe da Bak ana rufe sunan yaro, wanda bai san shi ba ne ke gyara takardarsa. Nan ake ganin wanda ya yi shekara yana samun 13 a wata makarantar kuɗi, inda faɗuwar yaro ke nufin asarar mai biya, ya kasa kai wa ko zagaye na biyu. Nan kuma ake ganin wanda malaminsa ya danne shi shekara guda ya fito da kyakkyawan sakamako. A 2021 kusan ɗalibi ɗaya cikin biyar ne ya ci birebe a faɗin ƙasa. Duk waɗannan yaran da suka faɗi, da makin aji suka hau har turwaziyam. Ke nan makin da aka yi shekaru huɗu ana ba su bai gaya musu gaskiya ba, bai gaya wa iyayensu ba. Wanda ya taɓa tsayawa a harabar Lise Amadu Kuran Daga ko wata cibiya ranar kiran sakamako ya ga yadda uwa ke riƙe da hannun ƴarta har a gama kiran sunaye ba a kira nata ba, ya san cewa alherin ƙarya da aka yi wa yaro a aji ba alheri ba ne.

Ba sai mun je nesa ba kafin mu ga wata hanyar auna karatu. Yawancin yaran nan suna zuwa makarantar allo da asuba ko da yamma. A can babu lamba. Yaro ya zo gaban malam da allonsa ya biya, in ya yi kuskure a gyara masa nan take, a kan kalmar da ya karkace, ya koma ya maimaita. In ya kiyaye a ce ya je ya wanke a ɗora masa na gaba. Ba ya wucewa sai ya iya, kuma ba a korarsa don ya yi jinkiri. Makarantar allo tana da nata matsalolin, dorina da bara ba abin yabo ba ne, kuma hadda daban take da lissafi. Amma ta riƙe abu ɗaya da lakwal ta saki: gwaji da gyara a zama ɗaya suke faruwa, daga bakin mutum ɗaya. Shi ya sa mutum kan tsufa yana ziyartar malaminsa na allo. Kuma in ka tambayi manya wane Mushe suke tunawa da alheri, ba mai yawan ba da maki suke ambata ba. Sukan ambaci wanda ya kira su gefe ya ce, "Zo nan, yarona, ga inda ka ɓata," ko da 6 ya ba su.

Wasu gyare-gyaren sai gwamnati: pekil a kan lokaci, matirkil ga wanda ya daɗe, azuzuwan siminti a madadin zana, horo na gaske kan yadda ake auna yara, da fara karatu da harshen gida. Waɗannan kuɗi ne da shekaru. Amma akwai abin da darakta da malamansa za su iya yankewa a zama ɗaya. A haramta sifilin horo, kowane laifi ya tafi gurbin ɗabi'a. Malaman darasi ɗaya su haɗu su tsara kompozisiyo tare, su rubuta rabon maki kafin a fara, a naɗe kusurwar da ke da suna, su yi musayar takardu, na wannan aji ya gyara na wancan. Wannan yana kare yaro daga son zuciya, yana kuma kare malamin kirki daga zargi da barazana, domin zai iya cewa ba shi ya gyara ba. Kada malami ya ba ɗan ajinsa kur na kuɗi, ya ba na wani aji. A daina kiran maki da ƙarfi. Kuma bayan kowane dabuwar a ware awa guda ta gyara a kan allo, inda za a ɗauki kurakurai uku ko huɗu da suka fi yawa a warware su, tunda rubuta wa yara tamanin bayani ɗaya-ɗaya ba zai yiwu ba.

Iyaye ma suna da ƙofar shiga da ba sa amfani da ita. Kowace makaranta tana da kwamitin gudanarwa da ƙungiyar iyaye, da yawa kuma suna da ƙungiyar iyaye mata, amma galibi ba a tuna su sai za a tara kuɗin zana ko gyaran benci. Waɗannan ƙungiyoyi suna iya neman a sa rana ɗaya a tsakiyar kowane zango, tun kafin kompozisiyo, da za a baje takardun yara a gaban iyayensu a yi bayani da Hausa. Uban da bai iya Faransanci ba yana iya zama gaban malami ya ce, "Malam, nuna mini inda yaron nan ke faɗuwa, kuma me za mu yi masa a gida?" A watan Disamba wannan tambaya tana da amfani, domin akwai sauran lokacin gyara. A watan Yuni, bayan taron malamai ya zauna an buga hatimi a bilten, abin da ya rage wa uba shi ne roƙo, kuma roƙon maki ne ke buɗe ƙofar sayensa.